AIKIN AGAJI: A SHIGA GIDA TA ƘOFA

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicce mu mabukata ga junanmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, zan fara da kuskuren kaina. Wata rana bayan La'asar muna koya wa yara fareti a wani fili nan Gyadi-Gyadi, sai ga wani dattijo ya keto sahu, ya kama hannun wani yaro, ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya ba ka ɗana?" Na ce, "Baba, ai aikin Allah ne." Ya ce, "Aikin Allah ne ya ce a ɗauki ɗan mutum ba sallama? Wata uku ina tsammanin yana wajen koyon ɗinki." Ya tafi da ɗansa, yaron nan bai sake dawowa ba. Wallahi dattijon nan ya fi ni gaskiya. Mun so alheri, amma ta katanga muka shiga. Abin da ya sa na rubuta wannan nasiha ke nan.

MENE NE AIKIN AGAJI?

Turawan mulki sun kawo ƙungiyar 'yan sikawut ƙasar nan a 1915. Wani sojan Ingila mai suna Baden-Powell ya fara ta a 1907, sa'ad da ya kwashi yara 20 ya kai su sansani a wani tsibiri, ya raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace da yaro guda yana shugabanta. Dabararsa ke nan: a ba yaro nauyi tun yana ƙarami. Dabara ce mai kyau, kuma Musulmi ba ya ƙin dabara don wanda ya zo da ita.

Ƙungiyoyin Musulunci sun kafa nasu rundunonin agaji. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, tana da 'yan agajinta. Fityanul Islam, wadda aka kafa nan Kano a 1963, tana da nata. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, tana da nata. Ku kuke ganinsu a filin Idi suna tsara sahu, a sansanin alhazai suna ɗaukar wa tsofaffi kaya, a maƙabartar Tarauni suna taya haƙa da binnewa. Bayan harin da aka kai Babban Masallacin Juma'a na cikin gari ran 28 ga Nuwamba, 2014, inda mutum fiye da 100 suka rasu, su aka riƙa tsayarwa ƙofofin masallatai suna binciken masu shiga, ba albashi, ba makami.

To, amma wasunmu sun ɗauka agaji shi ne kaki da hula da buga ƙafa. A'a. Kaki alama ce kurum. Wanda ya sa kaki bai iya tsayar da jinin wanda ya faɗi a kan babur ba, tela ya yi wa aiki, ba al'umma ba.

GIDAN SAYYIDINA ABUBAKAR

Ku dubi Hijira, shekara ta 622. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kwana uku a kogon Sauru tare da Abubakar, Allah Ya yarda da shi. Wa ya riƙe su? Gida guda. Uban gidan ya tanadi raƙuma biyu. Ɗansa Abdullahi yana wuni cikin Makka yana sauraron abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa, da dare ya kai labari, ya koma kafin gari ya waye. Asma'u ta shirya guzuri, da ta rasa abin ɗaure shi ta tsaga ɗamararta biyu. Amiru ɗan Fuhaira, makiyayin gidan, yana kai tumaki su sha nono, kana ya kora su a kan sawun Abdullahi don ya ɓace.

Ka gani? Uba da ɗa da 'ya da makiyayi, kowa da aikinsa, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke yi. Ba a saci Abdullahi daga gidansu ba, gidan ne ya shiga aikin gaba ɗaya. Har ila yau ya tabbata cewa wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya amsa, aka mai da shi ya je ya yi musu hidima. In an mai da mai neman jihadi wajen iyayensa, to ina ga mai neman fareti?

KOWA DA AIKINSA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Runduna ɗaya ta unguwa tana bukatar mutum shida aƙalla, kuma ba lalle kowa ya sa kaki ba.

1. Mai horo. Shi ke koyar da tsari da biyayya da kiyaye lokaci. Ba da zagi ba, ba da mari ba. Yaron da ka wulaƙanta gaban tsaransa ka rasa shi.

2. Malamin karatu. Yaro ya iya alwala da salla, ya iya wankan gawa da sallar jana'iza.

3. Mai koyar da taimakon gaggawa. Ga Asibitin Malam Aminu Kano nan kan titin Zariya, ma'aikatan jinya da ɗalibai da yawa maƙwabtanmu ne, ku roƙe su awa ɗaya a mako. Yaro ya san cewa rauni mai zubar da jini ana danne shi da tsumma mai tsabta. Ƙuna ana sa mata ruwan sanyi kamar minti 20, ba manja ba, ba ƙwai ba. Mai farfaɗiya ba a cusa masa cokali a baki. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa, in yana numfashi a kwantar da shi a gefensa. Mai gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, kana a kai shi asibiti.

4. Ma'aji da magatakarda. Kowace naira a rubuta, a karanta wa jama'a ƙarshen wata. Kuɗin jama'a wuta ne, kada mutum ɗaya ya riƙe su shi kaɗai.

5. Masu sana'a. Tela ya ɗinka wa maraya kaki. Mai Adaidaita Sahu ya ba da lambarsa don mara lafiyar dare. Magini ya jagoranci yashe magudanan ruwa kafin damina.

6. Mai ziyarar gidaje. Wannan shi muka raina, alhali kuwa shi ne ginshiƙi.

YADDA AKE SHIGA GIDA

Ku fara sanar da mai unguwa da liman, domin da ɗan gari akan ci gari. Ku je ku biyu, ɗaya ya zama dattijo wanda aka sani. Ku yi sallama, in kun yi sau uku ba a amsa ba ku koma, haka sunna ta koyar. In maigida ya fito, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku gaya masa gaskiya duka: ranar taro, lokacin tashi, wurin taro, sunan wanda yaron zai zauna hannunsa, da abin da zai kashe.

Uba yana da tsoro uku, kuma duk yana da hujja. Na farko, kada a raba ɗansa da makaranta ko sana'a. Ku ce masa makaranta ce gaba, ku kuma cika. Na biyu, kada a mai da ɗansa ɗan jagaliyar siyasa ko a kai shi rikici. Ku yi masa alkawari kakinmu ba zai bi motar ɗan takara ba. Na uku, waɗanne irin mutane ne za su riƙe masa ɗa? Ku gaya masa dokarmu: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ba taron dare, ba tafiya wani gari sai da izininsa.

Sa'an nan kada ku tsaya ga neman yaron. Ku ce, "Baba, kai ma muna da aikinka." Ko zama a inuwa ne ranar horo yana kallo, ai aiki ne. Uwa kuwa, iyayenku mata da matanku su same ta a gida ko a Islamiyyar matan aure, gama ita ta san lokacin fitar yaro da na dawowarsa. Maraya a nemi mai riƙonsa, almajiri a nemi malaminsa. In uba ya ce a'a, ku yi godiya ku tafi. Kada ku zuga ɗa ya saɓa wa ubansa da sunan addini.

ABIN DA KE GABANMU

Jama'a, kada mu yaudari kanmu, ba mu kaɗai ke neman yaran nan ba. Mai sayar da ƙwaya yana nemansu, ɗan daba yana nemansu. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta zama da yaro bayan La'asar. Daga Unguwa Uku zuwa Darmanawa, daga Daurawa zuwa Babban Giji, yaron da bai sami wanda ya ba shi aiki ya yaba masa ba, zai samu a bakin kwalbati. Su waɗancan ta katanga suke shiga, ba su son uba ya sani. In mu ma muka ɓoye wa uba, da me zai bambanta mu da su?

Saboda haka kowane ɗayanku ya zaɓi aiki guda daga cikin shidan nan, ya kuma zaɓi gida uku a layinsu ya ziyarta kafin Juma'a mai zuwa. Amma ka fara da gidanku. In mahaifinka bai san inda kake zuwa da kakin nan ba, yau ka zauna gabansa ka gaya masa.

Allah Ya tsarkake niyyarmu, Ya raba mu da riya, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ji ƙan iyayenmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.