Wasan Bindiga: Yaushe Za Mu Sa Baki?

Iyaye da dama a nan Paikon Kore suna tambaya: yara sun koma wasan sojoji da 'yan bindiga, wani da kara, wani da bindigar roba, shin a hana su?

Wasan kansa ba laifi ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da mashi a masallacin Annabi (SAW), Nana A'isha tana kallo, bai hana ba. Amma ya hana harbi da tsakuwa, don tana fasa ido, tana karya haƙori. Ya kuma hana nuna wa ɗan'uwa makami. Saboda haka danƙo da wuƙa, babu su.

Abin lura shi ne, wa yaron yake kwaikwayo? In kullum shi ne mai garkuwa, ya ɗaure ƙanensa yana neman kuɗin fansa, to a zaunar da shi, ba da bulala ba. Me ya gani a wayar babansa? Me ya ji muna faɗa a rumfa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.

Sakataren Masallaci