Gumin Mai Keke, Wa Yake Amfana?

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada ta matasa. Sa'ad da jami'o'i suka tafi dogon hutu, sai waɗansu su haɗa ayari, su hau kekuna, su ratsa ƙasar domin tara kuɗin taimako. Ƙungiyar Texas 4000, wadda wani ɗalibi da ya warke daga ciwon daji ya kafa a 2004, takan tashi daga Austin zuwa Anchorage ta Alaska, fiye da kilomita 6,400 cikin kwana 70, saboda masu ciwon daji. Wata kuma, Bike & Build, ta fara tafiye-tafiyenta a 2003 saboda marasa gidan kirki. Tambayar da ta dace a yi ita ce, gumin nan wa yake amfana? Gama taka feda ba ya warkar da majinyaci, ba ya kuma ɗora jinka bisa ɗaki.

Bari mai karatu ya bi irin wannan ayari kwana ɗaya. A ce sun kwana a bakin kogin Lochsa, cikin jihar Idaho, suna nufin gabas. Da asuba sukan naɗe shimfiɗa, su zuba kaya cikin motar da take bin su. Aikin fari shi ne hawan dutse wajen kilomita 20, har mashigin Lolo, mai tsayi kusan mita 1,600, inda iyakar jihar Montana take. A nan hira takan ƙare, sai huci kurum. Bayan haka sai gangara mai tsawo, kimanin kilomita 70, zuwa garin Missoula.

Missoula garin ɗalibai ne. Jami'ar Montana, wadda aka kafa a 1893, tana bakin kogin Clark Fork, a gindin wani tudu mai babban harafin M a jikinsa. Garin ya saba da baƙi masu keke. Daga nan ne aka shirya babbar tafiyar keke ta 1976, ta bikin cikar Amurka shekara 200, wadda ta haifi hanyar TransAmerica mai tsawon kusan kilomita 6,800. Shekaru da yawa ofishin ƙungiyar da ta gaji wannan aiki yakan ɗauki hoton matafiyin da ya iso, ya ba shi askirim kyauta. Saboda haka ba wanda zai tsaya yana mamakin mutum ashirin masu riga iri ɗaya, fuska duk ƙura.

To, ga zargin da akan yi musu, ba na banza ba ne kuwa. Keke mai kyau yana da tsada. Mota tana shan mai. Da an tara kuɗin nan duka an miƙa wa asibiti, kowa ya zauna gida, ai da majinyaci bai rasa kome ba. Mai zargi yakan ce, wannan yawon buɗe ido ne aka sa masa rigar jinƙai. Yakan ƙara da cewa wahalar da mutum ya zaɓa wa kansa ba ɗaya take da wadda ta auko masa ba. Idan gwiwar mai keke ta ƙi, sai ya ɗaga hannu, mota ta ɗauke shi. Mai ciwon daji ba shi da motar da zai shiga ya huta da ciwonsa. Matashin da ya ce hawan Lolo ya sa ya san abin da majinyaci yake ji, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin bakinsa.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. A 2015, a jihar Oklahoma, mota ta buge wani saurayi daga shugabannin ayarin Bike & Build, ya mutu; hankalin mai tuƙin yana kan waya. Ba shi ne na fari da ya rasu a irin wannan tafiya ba. Uwar da ta hana ɗanta zuwa, kada a ce da ita marowaciya.

Duk wannan gaskiya ne. Amma mai zargi ya sa ido a kan feda, bai ga abin da matasan suke yi bayan sun sauka ba.

Da yamma ta yi a Missoula, waɗansu cikinsu sukan zaga kantuna da gidajen abinci suna tambaya ko za a taimaka musu da gurasa ko ayaba ta gobe. Wani mai kanti ya ba su, wani ya ce maigida ba ya nan. Wurin kwana ma roƙonsa aka yi tun da watanni: daɓen zauren wata ikilisiya, ko ɗakin wasanni na makaranta, ko ɗakunan ɗalibai da hutu ya bari wofi. Kafin su bar gida kuma kowannensu ya riga ya bi dangi da maƙwabta da abokan aikin iyayensa, ya roƙi dala dubbai. Watau tun daga farko har ƙarshe aikinsu roƙo ne. Keken shi ne gangar da take sa mutane su leƙo.

Roƙo kuwa yana da ɗaci, kowa ya sani. Wanda ciwo ya cinye masa dukiya, ko wanda haya ta kore shi daga gida, sau da yawa abin da ya fi yi masa zafi shi ne buɗe baki gaban mutane. Ga yaro ɗan jami'a, lafiyayye, wanda bai taɓa kwana da yunwa ba, ya ɗauki wannan ɗaci a madadinsa. Shi ne aka ce wa babu. Shi ne aka rufe wa ƙofa. Majinyacin yana kwance da mutuncinsa, kuɗin ya kai asibiti ba a ga fuskarsa ba. Wannan abu ne da yaron ya bayar daga jikinsa, wanda zaman gida ba zai bayar ba. Kuma gaskiya ce mai ban kunya game da 'yan adam, cewa hannun da ba ya buɗuwa don wasiƙa yakan buɗu idan ya ga ɗan maƙwabci yana shirin hawan dutse.

Da dare mutanen gari sukan kawo tukwane su ci tare da baƙin. A tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe tara, don haka hirar takan yi tsawo. A nan ne ake gane ayarin kirki. Wani ayari yakan cika zauren da labarin kansa: kilomita nawa, taya nawa ta fashe, wa ya riga kowa isa kan dutse. Wani kuwa yakan faɗi abin da ya fito da shi a taƙaice, ya yi shiru. Sa'an nan tsohuwar da ta kawo dankali ta ce mijinta ma wannan ciwo ne ya ɗauke shi, shekara uku ke nan ba ta yi zancen da kowa ba. Matasan ba su da maganin da za su ba ta. Suna da kunne, suna kuma bin ta da godiyar abinci, saboda haka ba ta ji kamar ita ce abar tausayi ba. Wanda ya zo da hannu cike kaɗai, da wuya a gaya masa irin wannan magana.

Haɗarin hanya dai yana nan, roƙo bai kawar da shi ba. Masu shirya tafiyar su ne za su amsa tambayarsa, su kuma faɗi a fili nawa ne ya kai ga mabukata, nawa ne mota ta sha. Ayarin da ya ɓoye wannan lissafi, mai zargi ya yi daidai a kansa.

'Yan Texas 4000 suna da wata ɗabi'a. Kowace safiya kafin su hau, sukan tsaya a da'ira, kowa ya ambaci wanda yake tuƙi dominsa a ranar. Farkon tafiya sunayen na dangi ne. Bayan makonni kuwa sai a fara jin sunayen da aka ba su a hanya, na mutanen da ba su taɓa gani ba, kamar mijin matar da ta kawo dankali jiya.