Birkin Keken Yaro da Haƙiƙar Tawakkali

Wata ranar Talata, kasuwa tana ci a Talata Mafara, na tsaya a rumfar wani mai sayar da kekuna yana kuma gyaransu, domin in fake wa rana, sai ga wani dattijo ya iso daga wajen Bakura, yana riƙe da hannun ɗansa wanda a ƙiyasina bai wuce shekara tara ba, ya ce keke yake nema wa yaron saboda nisan makaranta da kuma kai abinci gona. Suka daidaita a kan wani na gwanjo, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, mai kaurin taya, mai giya, mai shakazoba a ƙafar gaba. Da aka gama ciniki mai rumfar ya matsa hannun birki ya ji wayam, ya ce, "Alhaji, robar birkin baya ta cinye, wayar gaba kuma ta tsinke, bari in sa sabbi." Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Bar shi hakanan, Malam, ya tsaya da ƙafa. Allah shi ka tsarewa."

Maganarsa ta ƙarshe gaskiya ce wadda babu mumini da zai yi jayayya da ita, kuma saboda kasancewarta gaskiya ne ta tsaya mini a rai har na koma gida, domin kalmar haƙƙi idan aka ajiye ta a muhallin da ba nata ba, ta fi ɓata wuyar warwarewa. Mas'alar da nake so mu yi nazari a kanta ita ce, shin uban da ya ɗora ɗansa a kan keken da ba shi da birki, ya ce ya dogara ga Allah, tawakkali ya yi, ko kuwa sakaci ya yi ya lulluɓe shi da rigar tawakkali?

Ya kamata mu fara sanin abin hawan kansa. Irin wannan keke an ƙirƙiro shi ne a Kalifoniya ta ƙasar Amurka cikin shekarun 1970, domin masu gangarowa daga kan duwatsu, shi ya sa aka ba shi taya mai kauri da haƙora, da giya masu yawa, da birki mai kamawa ƙwarai. Samfurin da ya fi yawa a hannun yara shi ne mai shakazoba a gaba kaɗai, bayansa kuwa ƙarfe ne sandararre, ƙafafunsa inci 20 ko 24 gwargwadon tsawon yaro. Ya sha bamban da Rali da Fonis na iyayenmu, masu birkin sandar ƙarfe, waɗanda aka yi domin tafiyar natsuwa da ɗaukar kaya. Wannan an yi shi ne domin gudu, kuma duk abin da aka ƙera domin gudu, maƙerinsa ya gina lissafinsa a kan cewa akwai abin tsayar da shi. Abin da na lura da shi a kasuwanninmu, mai saye yakan danna kan keken ya ga shakazoba tana lotsawa, ya ƙirga giya, ya duba fenti, alhali shakazobar kekuna masu araha sau da yawa nauyi kawai take ƙarawa, yaro bai kai nauyin da zai motsa ta sosai ba, ƙurar hunturu kuma ba ta daɗewa take daskarar da ita. Birki kuwa, wanda bai wuce roba biyu da waya da ɗan hannun matsawa ba, wanda kuɗinsa ƙalilan ne in an gwada da kuɗin keken, shi ne ake cewa a bari sai wani jiƙon.

To, me malamai suka ce? Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi ya haɗa biyun, ya ɗaure kuma ya dogara. Kowane ɗalibin zaure ya san wannan, amma wanda ya fi warware mas'alar dalla-dalla shi ne Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, a babin tawakkali na littafinsa Ihya'u Ulumiddin, inda ya kasa sabubban tunkuɗe cuta kashi uku: wanda amfaninsa yankakke ne, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda ake rinjayar da zaton amfaninsa, kamar shan magani, da wanda wahami ne kurum. Ya bayyana cewa barin kashi na farko ba ya cikin tawakkali ko kaɗan, hasali ma haramun ne idan ana tsoron halaka, ya kuma kawo misalin mai kwana a mahadar kwararar ruwa ko ƙarƙashin bangon da ya karkata, ya ce wannan ya jefa kansa ga abin da aka hana. Ni dai ban ga inda za a ajiye birkin keke ba face a kashi na farko, domin al'adar da Allah Ya gudanar a cikin halittarSa ita ce abin da ya gangaro ba ya tsayawa sai an tsayar da shi, kuma silifar yaro da yake turawa a kan taya ba ta isa ta riƙe keke a gangara ba.

Akwai kuma wani bambanci da ya sa lamarin dattijon nan ya fi na mai taguwa nauyi. Mai taguwa dukiyarsa ce zai yi hasara in ta ɓace, shi kuwa wannan ran wani ne ya sa a gaba, ran yaron da bai balaga ba, wanda shari'a ba ta ɗora masa taklifi ba, ta ɗora wa waliyyinsa kiwonsa. Ko da za mu sallama cewa wani waliyyin Allah ya kai maƙamin da zai shiga daji ba guzuri, ba mu taɓa jin malamin da ya halatta masa ya tura ƙaramin yaro a madadinsa ba. Mutum yana iya yafe haƙƙin kansa, amma ba shi da ikon yafe haƙƙin amanar da aka damƙa masa. Sa'an nan ga haƙƙin mutanen hanya: Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ta tabbatar da lamuni a kan mahayin dabba game da abin da dabbarsa ta taka, kuma mai hankali zai gane cewa tsohuwar da ke ɗauke da ƙwaryar nono a bakin kasuwa tana da haƙƙi a kan wannan roba biyu da aka ƙi saye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin riƙon sababi a sauran al'amuransu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, manomin Mafara da Bakura da Maradun yake noman rani, yana bin ruwa daga babbar hanyarsa zuwa ƙaramar kwata har ya shiga fadamar shinkafarsa, yana tashi da dare domin kada rabonsa ya wuce shi, kuma ban taɓa jin wanda ya toshe kwatarsa ya zauna ya ce Allah Shi ne Mai shayarwa ba, ko da yake ya yi imani da haka ɗari bisa ɗari. A gefen waɗannan hanyoyin ruwa masu zurfi da santsin siminti ne yaran suke tuƙa kekunan nan da kwanon tuwo ɗaure a baya. Yaya wanda bai yarda ya bar shinkafarsa ga ƙaddara ba tare da sababi ba, zai yarda ya bar ɗansa?

Ba na jahiltar abin da ke zukatan jama'a. Shekarun nan ƙasar Zamfara ta ga musibun da talaka ba shi da wata dabara a kansu, an tare hanyoyi, an tashi ƙauyuka, har kalmar "sai abin da Allah Ya yi" ta zama ita ce matashin da ake jingina kai a samu barci, kuma Allah Ya sani ba zan raina wannan kalma ba, don ita ce ta riƙe zukata da yawa daga yanke ƙauna. Sai dai wurinta shi ne inda dabara ta ƙare. Haka nan ba na cewa birki yana mayar da ajali. Sau nawa mai sabon keke ya faɗi, mai tsohon ya isa lafiya. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya yi masa magana a kan gudun ƙaddara, sai Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wanda ya gyara birki bai fita daga hukuncin Ubangiji ba, gaɓoɓinsa ne suka yi aikin da aka umurce su, zuciyarsa kuwa tana nan a rataye ga Wanda Yake tsarewa. Idan wani abu ya auku bayan haka, sai ya yi haƙuri da zuciya wankakkiya, ba tare da ya kwana yana tuhumar kansa ba.

Saboda haka ina kira ga iyaye, duk wanda zai saya wa ɗansa keke, ya fara da matsa birkin gaba da na baya kafin ya dubi fenti, ya sa yaron ya kama hannun birkin da kansa a gani ko yatsunsa suna kaiwa, kada kuma ya sayi wanda ya fi ƙarfin yaron da hujjar zai girma da shi. Masu gyara su ma su ji tsoron Allah, kada su saki keken yaro daga rumfarsu ba birki ko da mai shi ya ce a bari. Malamanmu na Mafara da Bakura da Maradun kuwa, ina roƙonsu idan sun zo babin tawakkali a karatu, su kawo wa ɗalibai misalin keken nan tare da misalin taguwa.