Suna da Ƙaurin Suna

Ya kai mai karatu, ranar da ka cika kwana bakwai a duniya aka yanka rago, aka raɗa maka suna. Kowa yana da irin wannan. Amma in ka ji an ce wane ya yi suna, wata magana ce daban. Ana nufin har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba sun san shi.

Hausa tana da kalmomi da yawa na irin waɗannan mutane. Sananne shi ne wanda aka sani a garinsu da kasuwannin kewaye. Shahararre ko mashahuri, labarinsa ya wuce nan, ya kai nesa. Akwai kuma gwani, akwai gwarzo. To, lura da kyau. In an ce gwani, ka san mutum ya iya aikinsa. In an ce gwarzo, ka san bai ja da baya ba. Amma in an ce shahararre, ba a gaya maka komi ba, sai dai cewa bakuna da yawa suna ambatonsa. Da me suke ambatonsa? Sai ka tambaya.

A 1975 aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa. Yakuba Ango na Maraɗi, wanda ake kira Kantu, shi ya yi nasara. Sunansa ya zaga Nijar duka. Wannan suna gaban jama'a aka same shi, don kaye ba ya ɓoyuwa.

Ga wani kuma. A 1899 wani sojan Faransa mai suna Vule ya ratsa ƙasar nan da rundunarsa. Ya ƙone Birnin Ƙonni, ya kashe mutane masu yawa. A shekarar nan sojojinsa da kansu suka harbe shi wajen Maijirgi. Har yau ana ba da labarinsa. Shi ma an san shi ke nan. Amma Bahaushe ba ya cewa ya yi suna, sai ya ce ya yi ƙaurin suna. Ka san ƙauri: warin tsumma ko gashi in ya kama wuta. Yana kai nesa, ya shiga kowane gida, kuma ba mai murna da shi. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tare shi da yaƙi, a littafi guda ake rubuta su, amma ba da baki guda ake kiran su ba.

Suna kuma yakan sayu. Ba maroƙi jika biyar ranar biki, ka ji yadda zai mai da kai zaki. Ba laifin maroƙi ba ne, sana'arsa ce. Sai dai in kuɗin ya ƙare, kirarin ya koma gidan wani.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: ganga tana bin aikin da ido yake gani a wuni guda. Aikin shekara ashirin ba shi da makaɗi. Bayan yunwar 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon itace cikin gonakinsu, suna gyara shi maimakon su sassabe shi duka. Gawo da kalgo da sabara suka tashi. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Wace kalma za mu ba waɗannan manoma? Ba shahararru ba ne, don ko a gari na gaba ba a san sunansu ba. A ƙauye dai akan ce wane mutumin kirki ne. Wannan kalma ba ta tafiya nesa, kuma maƙwabci kaɗai ke iya ba ka ita, shi da ya ga yadda kake da iyakar gona, da bashi, da rabon ruwa a bakin rijiya.