Lokacinka Amana Ne, Ya Kai Saurayi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi, ga tambaya: shin lokacinka naka ne, ka kashe shi yadda ka ga dama? Da yawa za su ce i, tunda ba kuɗin kowa suka ci ba. To, ka sani Allah Ya yi rantsuwa da zamani a Suratul Asri. Kuma Tirmizi ya ruwaito cewa ranar Alƙiyama za a tambayi bawa rayuwarsa da ƙuruciyarsa, a me ya ƙarar da su. Abin da za a tambaye ka a kansa kuwa ajiya ce aka ba ka.

Dubi madatsar ruwa ta Zobe, nan kusa da Dutsin-Ma. An gama gina ta a 1983, ruwa ya taru maƙil, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin da zai kai shi famfo. Shekara 38 ruwa na kwance, garuruwan da aka yi niyyar shayarwa suna jira. Haka ƙarfin saurayi yake. In ba a yi masa hanyar da zai bi ba, rana ce za ta shanye shi.

Yi lissafi da kanka. Wanda yake zama awa 3 kullum a majalisa ko gidan kallon ƙwallo, ko yana latsa waya, a shekara ya zubar da awa 1,095, wato fiye da kwana 45 cur, dare da rana. Da ɓarawo ne ya kwashe maka amfanin gona na kwana 45, ai da unguwa ta ji ihunka.

To, ina mafita? Allah Ya riga Ya yanka maka yininka gida biyar da salloli. Kai dai ka ɗaura wa kowace salla aikinta.

Bayan Asuba kada ka koma shimfiɗa. Manzon Allah (S.A.W.) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhrul Gamidi, ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, kuma ya yi arziki. Manomin Kurfi ya san wannan: kafin rana ta take ya gama kunyoyinsa. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko na Kwalejin Isa Kaita, shi ma a lokacin ne karatu ya fi zama a kai.

Daga hantsi zuwa Azahar, neman halal. Kusa da Azahar ka ɗan yi ƙailula. Bayan La'asar ka ƙarasa aiki, ka motsa jiki, ka duba mara lafiya, ka gaida iyaye. Tsakanin Magariba da Isha'i ka zauna gaban malami da littafinka. Bayan Isha'i kuwa Annabi (S.A.W.) ba ya son hira. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya a teburin mai shayi, tun da dare ya sayar da Asubarsa.

Kada kuma ka ɗauko kayan da suka fi ƙarfinka. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne. Karanta shafi 2 bayan kowace salla, ka samu kimanin izu guda a yini, cikin wata biyu ka sauke. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka kiyayi wuce gona da iri. Salmanul Farisi ya tarar da Abu Darda'i yana azumi da rana, yana tsayuwa da dare, ya yi watsi da iyalinsa. Sai ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowa yana da haƙƙi a kansa, kuma Annabi (S.A.W.) ya gaskata Salmanu.

Wani zai ce, "Malam, ai ba aikin yi a gari." Gaskiya ne, aiki ya yi wuya. Amma marar aiki shi ya fi kowa bukatar tsari, domin zaman banza ne ƙofar shaye-shaye da ƙauranci. Je ka koyi ɗinki ko walda ko noman rani. Ranar da aikin ya zo, wanda ya saba sammako zai tarar a tsaye.

Ka fara gobe da abu guda: Asuba a jam'i, da shafi biyu. In ya zauna, sai ka ƙara wani.

Allah Ya sanya albarka a rayuwarmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.