Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A bakin hanya, kusa da Dingaya ta ƙaramar hukumar Gwaram, wani Alhaji ya gina gidan mai, ya binne tankunan ƙarfe a ƙasa. Kullum da safe yaronsa yakan buɗe murfin tanki, ya zura sandar awo, ya rubuta abin da ta nuna a littafi. An daɗe ana zaune lafiya, sai lissafi ya fara ƙin haɗuwa: abin da famfo ya sayar daban, abin da ya ragu a tanki daban.

"Alhaji, man nan har cikin dare raguwa yake, bayan mun rufe," in ji yaron. "Da dai an duba tankin."

"Tankin ne ke shan mai ko aljihunka?"

Alhaji ya zaftare masa albashi, da wata ya ƙare ya sallame shi. Ya ɗauko wani, giɓi bai daina ba. Ya ce ai yaran zamani ba su da amana.

Da damina ta yi nisa, ruwan ƙasa ya taso, matan unguwar da ke gangaren gidan man suka fara jin wari a guga. In ruwan ya kwana a randa, sai a ga maiƙo mai launin bakan gizo kwance a samansa. Koko ya sauya ɗanɗano, awaki su sunsuna su kau da kai. Aka ce wani maƙiyi ne ya zuba kalanzir. Matasa suka yi gayya suka yashe rijiya, ba a jima ba wari ya dawo.

Mai unguwa ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ya kai magana gaban dagaci, har aka turo wata injiniyar ruwa daga Dutse. Kasancewarta mace ya sa ta shiga har gidajen da aka rubuta ba shiga. A kowace rijiya takan auna zurfin ruwa, ta cika kwalba fal, ta toshe, ta sa cikin ƙanƙara, domin gubar fetur ba ta wuyar bin iska. Da ta zana taswirar unguwar, sai ga rijiyoyin tudu lafiya lau, masu wari kuwa sun jeru daga bayan gidan mai zuwa fadama.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa dagaci, "ƙarƙashin ƙasar nan dutse ne, irin wanda ya fito fili a Birnin Kudu. Ruwan rijiyoyinku cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa yake, ba shi da zurfi, kuma gangare yake bi. Fetur yana yawo a saman ruwa, amma sinadarin benzin da ke cikinsa narkewa yake, yana kuma jawo sankarar jini. Tafasawa ba mafita ba ce, tururin ma cuta ne. Kada kowa ya sake shiga rijiyoyin nan."

Alhaji ya ce tankinsa garau yake. Injiniyar ta auna man da magariba, ta sa kwaɗo, ta ba mai unguwa makulli. Da asuba aka auna a gaban kowa: ba a sayar da ko ɗigo ba, amma ya sauka. Aka kwashe man, aka tono tankin, sai ga tsatsa ta huda gindinsa, ramin bai fi ƙwayar dawa ba.

"Ɗan wannan ne zai ɓata ruwan unguwa guda?"

"Alhaji, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada benzin ya wuce maikurogiram 10 a litar ruwan sha. A rahotonsu na 2011, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun tarar da rijiyoyi a Ogale ta ƙasar Ogoni da suka ninka haka fiye da sau 900, mutane na sha. Miƙo littafin awo."

Ta bi shafi shafi tana haɗa giɓin da yaron farko ya rubuta da hannunsa. "Duk man da ka cire kuɗinsa daga albashin yara, ga shi can a randar maƙwabtanka."

Jikin Alhaji ya yi sanyi. Aka sanar da hukumar NMDPRA mai ba gidajen mai lasisi. Alhaji ya sayi sabon tanki, ya kwashe gurɓatacciyar ƙasa, ya haƙa wa unguwa burtsatse a kan tudu. Tsofaffin rijiyoyin kuwa aka rufe su, don irin wannan ɓarna takan ɗauki shekaru kafin ta gushe. Daga nan ya taka har gidan su yaron farko, ya nemi gafara a gaban mahaifinsa, ya biya shi hakkinsa.

Darasi: in na ƙasa da kai ya kawo maka labarin ɓaraka, bincika kafin ka zarge shi. Dukiyar da ta zurare daga hannunka ba ɓacewa take yi ba, wani wuri take sauka, kuma za a tambaye ka hakkin wanda ta cutar.