Bashin Ƙarshen Wata: Nasiha ga Jama'ar Zangon Wagadugu

Tun kafin ashirin ga wata aljihu ya bushe a gidaje da yawa na Zango. Mai gidan haya yana ƙofa, yaro ba lafiya, mitar wutar SONABEL ta cinye kuɗinta. Sai magidanci ya lallaɓa wurin mai ba da kuɗi da ruwa, a yi magana a tsaye: karɓi jaka hamsin, ka kawo sittin ƙarshen wata. Babu takarda, babu shaida. Wani lokaci a riƙe katin bankinsa ko takardun babur ɗinsa jingina.

Ranar biya ta zo, ya ga in ya fitar da sittin ɗin gida zai kwana da yunwa. Sai ya miƙa goma ta ruwa, uwar kuɗi ta tsallaka wata mai zuwa. Cikin wata biyar ya biya hamsin cur, kuma har yanzu ana binsa hamsin. In aka shekara a haka, jaka 120 ta fita daga bakin 'ya'yansa, bashin bai motsa ba. Ruwan 20 cikin 100 a wata shi ne 240 cikin 100 a shekara. A 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashen sefa da babban bankinsu shi ne BCEAO sun ƙayyade iyakar ruwa a 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun lamuni, kuma ƙetare wannan iyaka laifi ne a gaban doka. Ke nan mai ba da kuɗi da ruwan nan yana karɓar ninki goma na abin da aka yarje wa asusu mai rajista. Sannan a tuna mafi ƙarancin albashi a Burkina, bayan ƙarin 2023, sefa 45,000 ne. Bashin nan guda ya fi wahalar ƙaramin ma'aikaci ta wata ɗaya.

Abin da ya sa wannan ke da ciwo shi ne, mutanen Zango ba baƙin bashi ba ne. Kakanninsu fatake ne da suka ratsa ƙasar Mosi tsakanin Kano da Salaga, suna kai kanwa da tufafi, suna ɗauko goro. Wannan fatauci a kan lamuni ya tsaya: mai gida ya sauki baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a gaban mai saye, a ba da kaya yau a karɓi kuɗi wata tafiyar. Amma bashin wancan zamani a fili yake. Unguwa ta san wanda ya karɓa, ta san wanda ya tsaya masa. Na yau a ɓoye ake cinsa, har matar gida ba ta sani sai ranar da aka zo ɗaukar babur.

Kada kowa ya yi saurin cewa duk mai bashi almubazzari ne. Jama'ar nan ta sha bugu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A Mayun 2003 babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A 2003 ɗin dai aka rushe tsohon Zango, wato Zangouettin, da unguwannin da ke maƙwabtaka da shi saboda shirin sake fasalin birni na ZACA, aka watsa mutane zuwa Nioko da gefen Ouaga 2000, maƙwabtan da suka saba rufa wa juna asiri suka rabu. Ranar 1 ga Satumba 2009 ruwan sama fiye da milimita 260 ya sauka a birnin cikin yini guda, gidajen ƙasa suka zube. Yanzu kuma rashin tsaro ya raba mutane fiye da miliyan biyu da garuruwansu a ƙasar, kuma da yawansu a gidajen dangi suka sauka. Magidancin da ke ciyar da bakuna goma sha biyar da kuɗin bakuna shida tausayi ya cancanta.

Duk da haka akwai kason da yake namu, kuma dole a faɗe shi. Ba a san ranar cuta ba, amma an san ranar komawa makaranta farkon Oktoba ce, an san Layya za ta zo, mai ciki kuma tana ba da sanarwar wata tara. Me ya sa waɗannan ke zuwa wa mutane kamar gobara? Sannan ga anko kala uku a biki ɗaya, ga lefen da ake auna shi da na 'yar maƙwabta, ga ragon da ake saye don idon unguwa, alhali malamai sun bayyana cewa layya tana kan mai iko ne. Duk wadda ta taɓe baki don kayan ɗakin amarya ba su cika ba, duk wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya don ragonsa ƙarami ne, da hannunsa a cikin bashin da aka ci.

Waya ma ta buɗe sabuwar ƙofa. Abin da ya faru a Nijeriya ya isa darasi: manhajojin rance suna kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum, in ya makara su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci, har sai da hukumar kare masu saye ta ƙasar, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022. Duk manhajar da ta nemi ganin lambobi da hotuna kafin ta ba da rance, a goge ta.

To ina mafita? Daga alƙalami take farawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mai bashi ya samu littafin makaranta guda, ya zauna da matarsa, ya rubuta kowa da kowa: mai ruwa, mai shago, ƙanwarsa, uwar adashe, nawa ne, nawa ke hawa kai kowane wata. Wannan zama yana da nauyi, amma mafi yawan mata sun fi son gaskiya mai ɗaci a kan a bar su su ji a bakin waje. A shafi na gaba ya rubuta abin da ke shigowa da gaske, ba abin da yake fata ba, ya fara cire hatsi da cefane, haya, ruwa da wuta, man babur, makaranta. Abin da ya rage shi ne ƙarfinsa na biya, ko da jaka bakwai ce. Ɗan kasuwa kuma ya raba jari da kuɗin cefane, ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka a rana, don hannun da ke shiga jari safe da yamma shi ke kai tebur ga mutuwa.

Daga nan sai fuskantar masu binsa, ba guje musu ba. Ya tafi da dattijo ko limami, ya ce: "Alhaji, na biya ka ruwa wata biyar. Ina roƙon a tsayar da ruwan, in riƙa kawo jaka bakwai duk wata har uwar kuɗin ta ƙare, a rubuta a gaban Malam." Mai bin bashi da ya san doka ba ta bayansa, ya kuma ga shaidu, yakan gwammace kuɗinsa su dawo sannu a hankali. Bashin da ya fi ruwa shi ake fara kashewa, sauran a ba su haƙuri da ɗan abin da ya samu. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: kada a ci sabon bashi don biyan tsoho. Wanda dole sai ya nemi jari, ya je inda akwai rajista da takarda, kamar asusun Caisse Populaire da aka fara tun 1972, ko sashen Baraka na Coris Bank ga mai gudun riba, ya kuma tambayi jimillar abin da zai biya kafin ya sa hannu.

Adashe gado ne mai kyau, muddin ba da kuɗin ruwa ake zubi ba. A Maradi, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a kan wannan gadon: mata su haɗu duk mako, su zuba kaɗan a akwati, su ranta wa junansu, su ware wani abu daban don rashin lafiya da rasuwa. Tsarin ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka. Abin da matan karkarar Maradi suka iya, matan Zango masu sana'ar abinci da mahauta da dillalan kasuwar dabbobi ta Tanghin ba za su kasa ba.

Saura masu hannu da shuni da shugabannin masallatai. Masu bashi suna cikin rukuni takwas da Suratut Tauba ta ba su haƙƙi a zakka, amma sau nawa ake tunawa da su in an zo rabo? Hadisi ingantacce ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Kowane masallacin Juma'a na iya zaɓen amintattu uku masu riƙe sirri, waɗanda mai bashi zai same su ba tare da unguwa ta ji ba, su duba littafinsa, su raka shi wurin masu binsa, su biya kai tsaye daga zakka inda ya kasa. Su ne kuma za su zauna da iyaye mata a yanke iyakar anko da lefe kafin bukukuwan bayan Salla, su kuma je har gida su yi wa masu ba da kuɗi da ruwa magana, domin wasunsu 'yan unguwa ne, ana haɗa sahu da su sau biyar a rana.